Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Katin da Na Ce Bai Fito Ba

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na dawo daga Legas da biza a fasfo, na yi alkawarin yau zan ba da labarin saukata Jamus. To, saukar za ta ɗan jira. Ranar Talata ɗan Baffa ya turo mini takardunsa ta WhatsApp wai in duba masa hanya, tun daga lokacin maganar mahaifinsa ta dawo mini ɗanya, kuma in ban amayar da ita ba babu abin da zan iya rubutawa.

A zauren Malam, mahaifina, aka yi ta, daren da zan tafi, farkon Afrilun 2015. Daura ba ta gama murnar zaɓe ba, 'yan acaɓa sai wasa suke da babura har tsakar dare. Na shimfiɗa kwantiragin aikin a kan buzu ina yi wa Malam fassara layi-layi: ga sunan kamfanin, ga albashi, ga irin izinin zaman da za a ba ni. Baffa na gefe yana ɓare goro da 'yar wuƙarsa. Sai da na kai aya ya ce, "Duk wannan karatu da kake zubowa, sunanka dai baƙo. Baƙo kuwa raɓa ne. Hantsi ya ɗaga, ka bushe."

Malam bai tanka ba. Shi dama ba ya kiran sunana, don sunan mahaifinsa ne gare ni. Ya dafa kaina ya ce, "Babana, Allah ya tsare."

Abin da aka ba ni shi ne wanda suke kira Blue Card, wato shuɗin kati. Na Tarayyar Turai ne, Jamus ta fara bayar da shi ranar 1 ga Agusta 2012 don ta jawo injiniyoyi da likitoci da masu aikin kwamfuta. Sharuɗɗan ba su da yawa amma ba a sassauta ko ɗaya: digirin da suka yarda da shi, aiki a hannu, sannan albashin ya kai mizani. A shekarar da na tafi mizanin Yuro 48,400 ne a shekara, amma ga sana'o'in da suke ƙarancin mutane, irin tamu ta injiniyan lantarki, 37,752 ya isa. Akwai wani rumbu a intanet mai suna anabin da suke jera jami'o'in duniya a ciki. Daren da na ga jami'armu ta Zariya a jerin waɗanda aka amince da su, sai da na tashi na yi nafila.

Wannan lambar ce ta jawo mini. Yaya ya ɗauki albashin ya buga a kalkuleta, lokacin Yuro ɗaya ya ɗan haura naira 200, kafin la'asar labari ya kai har dangin Inna na Sandamu. Babu wanda ya ji cewa haraji da inshorar lafiya da kuɗin fansho suna cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku tun kuɗin bai taɓa hannunka ba. Har gobe akwai masu yi mini lissafi da kalkuletar Yaya.

Bijimai biyu Malam ya sayar a kasuwar Mai'aduwa aka yi kuɗin jirgi da na kama ɗaki. Baffa ya san wannan. Shi ya raka su kasuwar.

Na fara aiki a Dortmund tsakiyar Afrilu. Na yi rajistar adireshi cikin wa'adin da doka ta ce, na je ofishin baƙi aka ɗauki hoton yatsuna, makon farko na Yuni aka kira ni in karɓa. Katin roba ne kamar na cirar kuɗi, kuma wanda ya san shuɗin baba na marina ba zai kira wannan shuɗi ba, suna ne kawai. Tare da shi akwai 'yar koriyar takarda mai ninki, a jikinta aka rubuta sunan kamfanin da nake wa aiki. Wannan 'yar takarda ita ce igiyar. A dokar lokacin, shekara biyun farko ba ka canja wurin aiki sai da izinin ofishin baƙi. Ga shi kuma ina cikin wata shida na gwaji, wanda a cikinsa sanarwar mako biyu ta isa a sallame ka ba tare da wani dogon bayani ba. Na saka katin a aljihun gaban jaka, dare ya yi in fito da shi in duba in mayar, kamar amarya da sarƙar lefe.

Azumi ya kama 18 ga Yuni. Rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma saura. Idan an sha ruwa a Daura, ni da sauran kusan awa biyu, a wannan tsakanin Yaya yake kirana, ina jin ƙarar ludayi a kwanon kunu. Ranar goma ga azumi ya ce Malam ya faɗi a wajen alwala. Aka kai shi asibiti a Katsina. Aka dawo da shi. Ranar ashirin da uku Yaya ya ce, "Ka ga, in da hali ka zo. Yana ta tambayarka."

Na ce, "Yaya, katin bai fito ba. In na fita yanzu ba za su bar ni in dawo ba."

Katin yana aljihun jaka, taku uku daga inda nake zaune.

Shekara goma ke nan ina riƙe da wannan. Babu dokar da ta hana ni zuwa. Mai irin katina yana iya fita ya yi har wata goma sha biyu a waje izininsa bai mutu ba, balle mako ɗaya. Kuɗin tikiti ina da shi, albashi biyu ya shigo. Tsoro ne ya zaunar da ni. Na ga kaina na nemi hutu a wata na uku, an sallame ni, ofishin baƙi ya taƙaita izinin, na sauka a tashar Daura da jaka ɗaya, bijimai sun tafi, Baffa na zaure yana ɓare goro bai ma ce komai ba. Hantsi ya ɗaga. Wannan hoton na fi tsoro a kan komai, har a kan abin da ya faru.

Yaya ya miƙa wa Malam wayar. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Babana, an ce takarda ta riƙe ka. To ka bi dokar mutane, kada ka saɓa musu a garinsu. Na yafe maka." Ya yafe mini laifin da ba shi na yi ba.

Kwana biyar bayan Sallah ya rasu, da safe. Aka yi jana'iza bayan azahar. Ni ina ɗakin da muke ajiye na'urar buga takardu, na rufe ƙofa na zauna a kan kwalin takarda, injin yana ta fitar da aikin wani.

A watan Nuwamba, bayan gwajin ya ƙare, shugabar sashenmu ta tambaye ni ko iyayena za su zo ganina. Na faɗa mata. Ta ajiye kofin hannunta ta ce me ya sa ban yi magana ba, ai da ta ba ni mako biyu a ranar. Ban san abin da na amsa mata ba.

Daga nan sai na zama mai ƙirgen wata. Dokar ta ce mai katin da ya yi wata 33 yana aiki yana zuba fansho zai sami izinin zaman dindindin, in kuma ya ci jarrabawar Jamusanci matakin B1, wata 21 ya isa. Na shiga makarantar dare kamar wanda ake bi bashi. Ranar da na karɓi na dindindin a 2017, wanda babu sunan kowane kamfani a jikinsa, Baffa na fara tunawa, ba Malam ba. Na ɗauki hoton katin zan tura masa in rubuta "raɓa ta zama rijiya", har na ce Kusugu ma ta san da haka. Matata, Maman Hanifa, ta karɓe wayar ta goge. Ita kaɗai ta san zancen katin, don ita ta ga ranar da aka buga a jikinsa watan da ta iso, ta ƙirga da yatsu, ta kalle ni, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Yanzu an sassauta abubuwa. Tun ƙarshen 2023 mai aikin kwamfuta da ya yi shekara uku yana aikin zai iya samun katin ko ba digiri, wata 33 ɗin nan ya koma 27 a Maris 2024, kuma waɗanda suka karɓi izininsu na farko daga 1 ga Maris 2024 an buɗe musu ƙofar ɗauko iyayensu. Mu na da ba ma ciki. Ko da muna ciki, Inna ta ce ita ba ta zuwa garin da ake shan ruwa ƙarfe goma.

Da na je gida a 2018, bayan na dawo daga maƙabarta, na tarar da Baffa a zauren. Ya tsufa, goron ma sai an daka masa. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran raɓa. Sai ya ce, "Allah ya isa tsakaninmu da takardar da ta hana ɗa ganin ubansa." Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Yaya yana karanta wannan shafi duk mako, shi yake karanta wa Inna. Ban kira shi ba tukuna. Takardun ɗan Baffa kuwa na duba, sunan da ke digirinsa ya saɓa da na fasfo da harafi biyu, sai ya je kotu ya yi rantsuwa kafin a yi maganar komai. Na tura masa yadda zai yi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zancen takardar aurenmu, da yadda aka turo mai bincike har ƙofar gidan su Maman Hanifa yana tambayar maƙwabta ko da gaske an ɗaura.