Inda Aka Kwana: Me Ke Ƙara wa Layukan Oksijin da Tururi Duhu?

'Yan uwa masu koyo, na'urar rarraba haske da muka harhaɗa da kwali, reza biyu da gutsuren faifan DVD ta fara fito da baƙaƙen layuka a hasken rana, wato gurabun da aka shanye wani yanki na hasken. Yanzu aiki ya koma ɓangaren ja, inda iskar duniyarmu ke shanye haske: layin oksijin da ake kira B a nanomita 687 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), da na tururin ruwa wajen 720.

Kada a saita na'urar kan rana kai tsaye, ido zai lalace. A shimfiɗa farar takarda a rana, a ɗauki hasken da ke tashi daga kanta.

Babban abin da ke zurfafa layi shi ne nisan tafiyar haske cikin iska. In rana na tsaka, tafiyar gajeriya ce. In ta sauko zuwa digiri 30 sama da mafaɗarta, nisan ya ninka biyu, dab da faɗuwa kuwa ya kai ninki 38. A ɗauki hoto da azahar, a sake da la'asar sakaliya, za a ga B ya ƙara duhu. Layin C na haidurojin a 656 zai tsaya yadda yake, domin tun a jikin rana aka shanye shi. Shi ne ma'auninmu: in shi ma ya canza sosai, a binciki na'urar.

Sai yawan abin da ke shanyewar. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iska, rani da damina. Tururi kuwa hawa da sauka yake yi, shi ya sa layin 720 ke fitowa raɗau a watan Agusta, ya dusashe da hunturu. Ƙurar hunturu tana ruɗar mutane. Tana rage hasken gaba ɗaya ne, don haka a riƙa gwada duhun layi da hasken da ke gefensa.

Tsagar da ke tsakanin reza biyun kada ta wuce milimita 0.2. In ta yi faɗi, hasken gefe zai cike layin ya zama fari-fari. Yawancin kyamarori kuma suna da gilashin da ke tare haske daga wajen 700, sai an cire shi kafin layin 720 da layin A na oksijin a 760 su fito. Tsakiyar A ta riga ta ƙoshi, ƙarin iska ba ya ƙara mata duhu sosai, saboda haka B ya fi dacewa da awo.

Aikin gaba: a rubuta digirin da rana take a sama tare da kowane hoto, a kuma kulle saitin kyamara kada ya canza da kansa.