Ranar da sakatar bindigata ta cije

Kwansunan harsashi da suka taru mini a bokiti su suka ja ni ga ɗura harsashi da hannuna. Ni ba maharbi ba ne, ba kuma ɗan gasa ba. Ƙarshen mako nakan je filin harbi da bindigata mai sakata (ƙarfen da ke kulle harsashi a ciki), mai cin harsashin .308 Winchester, in huda takarda daga nisan mita 100, in tsince kwansuna in dawo. Da na haɗa kayan ɗuri, wato injin matsawa na hannu da sikeli da littafin awo na kamfanin albarushi, sai na ga ai aikin ya ƙare, saura ɗurawa kawai.

A littafin, kowane albarushi yana da layinsa da lambobi biyu: awon farawa da awon ƙarshe. Idona bai tsaya ko'ina ba sai kan na biyun, don a gefensa aka rubuta gudun harsashi mafi yawa. Da giren ake auna albarushi, giren 7,000 ke yin laba ɗaya, ɗaya kuwa bai wuce giram 0.065 ba. Kwanson .308 yana cin giren 40 da ɗoriya, kuma tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu sau da yawa ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, ɗan abin da za ka ɗiba da yatsu biyu. Cikin wannan 'yar tazarar ce matsi ke hawa har ya doshi iyakar da ƙungiyar SAAMI ta Amurka ta gindaya wa wannan harsashi, 62,000 a ma'aunin matsi na psi. Duk wannan kuma a daidai inda ka ɗora kuncinka yake faruwa.

Ban yi gaggawa ba da farko, a nan kam na yabi kaina. Na fara daga awon farawa, na ɗura biyar-biyar, ina ƙara rabin giren kowane mataki, ina duba gindin kowane kwanso bayan harbi. Lokacin sanyi ne. Na hau har dab da awon ƙarshe ban ga komai ba, sakata tana buɗuwa sumul. Na rubuta lambar a takarda na manna a bango, na riƙa kiranta awona.

Bayan 'yan watanni wani abokina ya ba ni leda guda ta kwansunan soja, 7.62 NATO. A ido duk ɗaya suke da nawa. Na wanke su, na gyara, na ɗura guda 50 da awon nan nawa ba tare da na koma baya ko da taki ɗaya ba. Ranar da na kai su fili ana zafi sosai, akwatin kuma na bar shi buɗe kan tebur rana tana dukansa. Harbi na farko na ji dukan kafaɗa ya ɗan fi na kullum, na ce zato ne. A na uku sakata ta cije. Na ɗaga ta ƙi, sai da na buga ta da tafin hannu.

Wani dattijo da ke tebur na kusa ya ajiye tasa bindigar ya miƙo hannu. "Ɗana, kawo kwanson nan in gani." Ya juya gindinsa ga haske. Ɗan ƙyastun da ke tsakiya, wato abin da ke kunna albarushi, wanda ya kamata gefensa ya kasance a zagaye, ya baje ya cike raminsa kamar an goge shi da dutsen guga. Kusa da rubutun gindin kuma ga wani ɗan tabo mai sheƙi, inda matsi ya sa tagulla ta kutsa ramin abin da ke tunkuɗo kwanso waje. Ya ce, "Saura nawa?" Na ce, "Baba, 47." Ya ce, "To ka rufe akwatin, yau ka gama."

A gida na ɗora kwanson soja a sikeli, na ɗora nawa na da. Na sojan ya fi nauyi, bangonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci. Albarushi ɗaya a ɗaki mafi ƙanƙanta, ga zafin rana da ke sa wasu albarusan ƙara kuzari, ga ni kuma tun asali a bakin gaɓa nake tsaye. Dare biyu na yi ina kwance harsasan nan 47 ɗaya bayan ɗaya da gudumar cire kan harsashi, ina juye albarushin a kwano.

Abin da ban gane ba a da shi ne lambar littafi ba ta albarushi kaɗai ba ce. Ta wannan kwanso ce, da wannan ƙyastu, da wannan kan harsashi, a wannan tsawo, cikin bututun da suka yi gwaji da shi. Ka canza ɗaya, ka koma awon farawa. Kan harsashi na tagulla zalla da mai dalma a ciki, ko nauyinsu ɗaya, ba matsi ɗaya suke haifarwa ba. Sunaye ma suna yaudara: IMR 4350 da H4350 albarusai biyu ne daban, kowanne da layinsa. Shi ya sa gwangwani ɗaya tak nake bari a tebur in ina aiki. Alamun gindin kwanso kuwa, a ganina, makararrun masu gargaɗi ne, kafin su bayyana ka riga ka wuce gona da iri. Na fi yarda da na'urar auna gudu da na saya daga baya. In harsashina ya fi gudun da littafi ya rubuta, na san ba kyauta aka ba ni ba.

Tsoro ya so ya jefa ni ɗaya gefen. Na ce wa dattijon zan sauka ƙasa da awon farawa sosai, tunda takarda nake harbi. Ya girgiza kai. Albarushi mai jinkirin ci yana bukatar matsi kafin ya ƙone daidai. In ya yi kaɗan, wutar takan yi gardama, kan harsashi yana iya maƙalewa a bututu, wanda ka harba bayansa shi zai fasa bindigar. Mai son harbi mai laushi sai ya nemi awon da kamfani ya gwada ya wallafa don haka, kamar yadda kamfanin Hodgdon ya yi wa albarushinsa H4895, kuma wannan izinin bai shafi wani albarushin ba.

Na sake hawa daga ƙasa da kwansunan sojan, na tsaya giren ɗaya sama da awon farawa, don a nan ramuka biyar suka fi haɗuwa wuri guda. Gudun ya ragu, kafaɗata ta huta, kwansuna suna jure ɗuri da yawa kafin bakinsu ya tsage. Kafin in ɗora kan harsashi, nakan jera kwansunan a faranti in haska su da tocila in ga albarushin kowanne ya tsaya daidai da na maƙwabcinsa. A murfin kowane akwati akwai takarda: irin albarushi da lambar gwangwaninsa, awo, kwanso, ƙyastu, tsawo, kwanan wata, da yanayin ranar da na gwada. Kwanson nan mai tabo yana nan kusa da sikeli, na huda shi na rataye da zare.