Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hasumiyar Dakar

Makon jiya na tsaya a inda muka baro Kaulaha bayan an watse daga Maulidi. Jirginmu bai tashi da wuri ba, sai muka yada zango a Dakar, ni da Baffana da wasu dattawan unguwarmu ta Sakkwato. Mai masaukinmu mutumin Birnin Ƙonni ne, tsire yake sayarwa a can, kuma shi ya dage sai mun hau Mamel kafin mu tafi.

Mamel tuddai biyu ne a unguwar Wakam, a bakin tekun Atlantika. Kan ɗaya akwai ƙaton mutum-mutumin tagulla da Shugaba Abdullahi Wad ya ƙaddamar a 2010, wanda malaman ƙasar suka yi ta suka. Baffa ya kau da kai, bai ko tambaya ba. Kan ɗayan ne hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya take, fara fat. Faransawa suka gina ta a 1864, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ke nan, da sauran shekara 39 kafin Turawa su shigo Sakkwato.

Tasi ta aje mu a gindin tudu, muka bi hanyar da ke kewaya shi da ƙafa. Dattawa na hawa suna hutawa, iska kuwa sai da kowa ya dafe hularsa. Muna kaiwa sama Baffa ya tsaya cak. Mutumin da iyakar ruwan da ya sani shi ne gulbin Rima a Kwalkwalawa da madatsar Goronyo.

"Kai yaro, wanga gulbi ina ƙetarenshi?"

Na ce, "Baffa, in aka wuce wasu tsibirai, sai nahiyar Amurka."

Mai kula da wurin ya hau da mu ta wani siririn tsani, yana bayani da Faransanci, mai masaukinmu na mayarwa. Ashe fitilar ba kunnawa da kashewa ake yi ba. A kunne take dare duka, wani gilashi mai kama da ƙaton tulu ne ke juyawa kewaye da ita, yana tattara hasken ya harba shi waje guda. Wanda ke cikin jirgi sai ya ga walƙiya ɗaya duk bayan daƙiƙa 5, tun daga nisan kilomita 50 da 'yan kai. Kowace hasumiya da nata bugun, matuƙi na ƙirgawa ya san gaɓar da ya dosa. Wannan dabara ta fi burge ni a kan tsayin ginin, wanda bai taka kara ya karya ba. Tudun ne ya ɗaga shi. Daga nan ya nuna mana tsinin Almadi, inda ƙasar Afirka ta ƙare ta yamma, da duwatsun da ke kwance cikin ruwa a gabansa, masu fasa jirage.

Muna saukowa rana ta yi ja, tana dab da shiga ruwa, sai Baffa ya ce in kira masa gida.

"Hajiya, ku yi haramar magariba, kar in tsaishe ki."

Inna ta ce, "Wace magariba, Malam? Ai har an sallame lisha."

"Mi kika ce?"

Dakar na yamma da mu sosai, rana kan faɗi can kimanin sa'a ɗaya da rabi bayan ta faɗi a Sakkwato. Na yi masa wannan bayani, bai karɓa ba sai da ya sa aka miƙa wa ladanin unguwa wayar.

Da muka dawo gida, wannan magana ce ta riƙe majalisarsu ta ƙofar masallaci, har aka rabu biyu, wasu na cewa tsufa ya fara taɓa Baffa. Yadda limaminmu ya raba gardamar da lemo da tocila, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.