TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Daren da na fara ƙirga abin da ido baya gani

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda na sauka garin Athens na jihar Ohio a Amurka, to yau zan shiga da ku cikin ɗakin binciken Edwards na jami'ar Ohio, inda mafi yawan karatuna na digiri na uku ya gudana.

Ni dai kafin nan babbar na'urar nukiliya da na taɓa gani ita ce ta cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya, wadda aka ƙaddamar a 2004. Ta Athens daban take, wani dogon tanki ne da ake tara wutar lantarki a ciki har bolt miliyan 4.5, ita ke tura ƙananan ƙwayoyi da gudu su je su daki wani siririn fallen ƙarfe, sirantarsa ta fi ta takarda nesa ba kusa ba, numfashi kaɗai zai iya yaga shi, shi yasa ranar da malamina ya bani in ɗaura shi sai da na riƙe numfashina har na gama.

Ga abin da muke nema. Cibiyar ƙwayar zarra, wato atom, ƙanƙanuwar ƙwayar da komai ya ginu da ita, tana da matakan ƙarfi, na ƙasa-ƙasa ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, amma da ƙarfin ya ƙaru sai su cunkushe har ba mai iya rabewa, sai dai a tambayi yawansu a kowane tsagi. Tun 1936 masanin kimiyyar nukiliya Hans Bethe ya kawo lissafin kimanta wannan yawan, Gilbert da Cameron suka zo da nasu a 1965, kuma har yau lissafe-lissafen basa cika yarda da juna, dole sai an auna.

Yadda ake aunawar ne ya ɗauke min hankali wallahi. In ka harba diyuteron, wato cibiyar hayidurojin mai nauyi, kan kobal-59 sai su haɗe su zama nikel-61 mai zafi (lambar da ke bin kowane suna ita ce yawan ƙwayoyin da ke cikin cibiyarsa), in kuma hiliyom-3 ka harba kan baƙin ƙarfe-58, nikel-61 ɗin dai zaka samu. Wani masanin, Niels Bohr, ya ce irin wannan haɗaɗɗiyar cibiya mantawa take yi da yadda aka haife ta, to ka ga hanyoyi biyun nan sun baka damar gwada maganarsa. Daga nan sai ta fara hucewa kamar kofin shayi mai tururi, tana fitar da ƙananan ƙwayoyi daga cikinta, furoton ko niyutiron ko alfa, mu kuma muna auna ƙarfin duk wanda ya fito. In furoton ya fita da ƙarfi sosai, kobal-60 da ya bari a baya tana can mataki na ƙasa, in ya fita a raunane tana sama inda matakai suka yi yawa. Siffar zanen da ke taruwa a kwamfuta, in aka gwama ta da lissafin Hauser da Feshbach na 1952, ita ke faɗa mana yawan matakan.

Na tambayi malamina me yasa muke jera ditektocin silikon, wato na'urorin da ke auna ƙwayoyin da suka fito, a bayan fallen ƙarfen ta wajen da harbin ke zuwa, maimakon gaba inda ƙwayoyi suka fi yawa. Ya ce na gaba ai da yawansu goga kawai suka yi suka wuce, basu zauna sun haɗe ba, su zasu gurɓata mana sakamako. Na baya ƙalilan ne amma su ne na gaskiya. Wannan ke sa aikin ya ja dare, nakan yi asuba a ɗakin kula da na'ura lambobi na ta taruwa a hankali.

Baffa ya taɓa tambayata a waya, "Kai yaro, duk wannan wahala amfaninta me?" Na ce "Baffa, masu ƙera tashar wutar nukiliya da masu binciken yadda taurari ke samar da sinadarai duk da waɗannan lambobi suke lissafi, in sun karkace nasu ma ya karkace." Ya ce Allah ya yi albarka.

Mako mai zuwa in sha Allahu zamu shiga wani rami mai tsawon mita 30 da ake auna gudun niyutiron a cikinsa.