Yau na je kallon ninkaya a Surulere

Asabar da dare, Agege. Yanzun nan na shigo, gosulon Oshodi ya gama da ƙafafuna, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta don abin yana cina a rai tun da rana.

Ɗan yayata ne yake da gasar ninkaya ta 'yan makaranta yau a Surulere, tun satin da ya wuce yake kirana, Kawu za ka zo ko, Kawu kar ka ce kasuwa ta riƙe ka. To na bar wa yaron shago makulli na tafi. A cikin danfo direba ya kunna shirin wasanni, tun daga Agege har muka sauka wallahi babu abin da aka tattauna sai Firimiya, wane koci za a kora, wa zai koma Saudiyya, nawa ne albashin wane a sati, masu bugo waya har faɗa suke a kan Arsenal da Chelsea. Nima fa ina kallon bal, ina sonta sosai, amma shiri sunansa shirin wasanni ai ya kamata a ce ko minti biyar an ware wa sauran.

Wurin ninkayar kuma iyaye ne kawai da malaman makaranta da masu koyarwa. Ɗan jarida ko ɗaya ban gani ba, kyamara sai ta wayoyinmu. Yaronmu ya shiga mita 100, wato ka je ƙarshen ruwan ka dawo, kuma abin da ya fi burge ni shi ne juyawar da suke yi a bango, yaro ya zo a guje sai ya dunƙule ya wuntsila a cikin ruwan ya doki bango da ƙafa biyu ya harbo kansa ta ƙasa, ba ka sake ganinsa sai can gaba. Ya zo na biyu. Da ya fito idonsa jajir saboda maganin ruwan, yatsunsa duk sun yamutse, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa ya kasa magana, Yaya ta lulluɓa masa tawul tana ta cewa sannu, sannu babana, hawaye na zubo mata. Wannan yaron ƙarfe biyar na asuba yake tashi ranar atisaye, kuɗin mota da kuɗin shiga ruwa duk daga ɗinkin da uwarsa take yi suke fitowa.

Mai koyar da su ya zauna kusa da ni bayan an tashi, wani dattijo Bayarabe mai usur a wuya, muka yi hira. Na tambaye shi ko ana zuwa ɗaukar labarinsu, ya girgiza kai kawai, ya ce su kan tura sakamako da kansu, wani lokaci a saka layi biyu a ƙasan shafi, yawanci ma ba a sakawa. Ya ce kamfani ba ya ɗaukar nauyin abin da ba a nunawa, gidan talabijin kuma ba ya nuna abin da babu talla a kansa, tallar kuwa duk ta tafi bal, musamman ta kamfanonin caca da suka cika ko'ina. Haka abin yake ta zagayawa.

Da magariba na biya gidan kallon bal na layinmu, na nuna wa abokaina bidiyon, suka yi barka, sai wani ya ce ai ninkaya wasan Turawa ne, mu me muka taɓa ci a ciki. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa ka san Ahmed Hafnaoui? Bai sani ba. Ɗan Tunisiya ne, yana da shekara 18 ya ci zinare a mita 400 a Olamfik ɗin Tokyo a 2021, kuma daga layi na takwas, layin gefe da ake ba wanda ya shigo zagayen ƙarshe da ƙyar, don gwanaye layi na huɗu da na biyar ake sa su. Kafin shi ɗan ƙasarsu Oussama Mellouli ya ci zinare a 2008 ya sake ci a 2012. Tatjana ta Afirka ta Kudu ta kafa tarihin duniya a mita 200 na iyon kwaɗo a Tokyo, ta ƙara cin zinare a Paris a 2024. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe lambobin Olamfik 7 gare ta duk a ruwa, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka. Mu nan gida ma Abiola Ogunbanwo ta yi mita 100 a sakan 59.74 a Tokyo, 'yar Najeriya ta farko da ta sauka ƙasa da minti ɗaya, sannan a watan Agustan 2025 Abduljabar Adama ya ciyo azurfa a gasar matasa ta duniya a Romaniya. A ɗakin nan mutum ɗaya ne ya taɓa jin sunan Abduljabar, alhali kowa zai iya lissafa maka 'yan benci na Man United.

Ni ban ga laifinsu ba, abin da aka zuba maka a kunne shi za ka sani. Ko Michael Phelps mai lambobin Olamfik 28, 23 a ciki zinare, sai lokacin Olamfik ya zagayo ake tuna shi a rediyonmu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu ba baƙin ruwa ba ne. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda Kabawa suke nutso a Matan Fada, ga yaran Makoko nan ƙarƙashin gadar Third Mainland da suke tasowa a kan ruwa, kuma a 2024 wani mai koyar da ninkaya, Akinrodoye Samuel, ya yi iyo tsawon gadar nan, kusan kilomita 12. Da ana nuna irin waɗannan a kai a kai da iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu su koya. Kuma koyon nan rai yake ceta. Duk damina sai mun ji kwale-kwale ya kife a Neja ko Kebbi ko Kwara, na Patigi a watan Yunin 2023 mutum sama da 100 aka rasa, 'yan biki ne suna dawowa gida, Allah ya jiƙansu. Na san lodin da ya wuce kima da rashin rigar ruwa su ne kan gaba, amma wanda ya iya riƙe kansa a ruwa na ɗan lokaci yana da damar da wanda bai iya ba ba shi da ita, sauran kuma na Allah ne.

Kafin in fito na tsaya wajen mai gidan kallon, na ce Alhaji don Allah duk ranar da ake gasar ninkaya ta duniya a sa mana ko a ƙaramar talabijin ɗin nan ta gefe. Ya ce matsalarsa man janareto ne, amma in na kawo mutum goma da za su biya kuɗin shiga zai kunna da safe kafin a fara bal. Na fara rubuta sunaye a waya, ni da yaronmu da abokansa biyu, gobe in sha Allahu zan tuntuɓi 'yan layin shagonmu.