Guzurin Hanyar Maiduguri

A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, muka tashi daga Kano zuwa Maiduguri bikin ƙanwar maigidana. Mu shida ne a motar: ni da shi, da Hajiya mahaifiyarsa, da yara uku. Tafiyar ta haura kilomita 500, a bi ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu. Ga Hajiya da ciwon suga da hawan jini, don haka ban yarda a yi yadda aka saba ba, a cika leda da biskit da lemon kwalba, sauran a saya ta taga.

Akwai kuma abin da ya taɓa faruwa da ni a wannan hanyar. Wata tafiya can baya na haɗa kunun aya tun da daddare, na ɗura a jarka na ajiye a bayan mota. Kafin mu kai Azare ya yi tsami, jarkar har ta kumbura, alhali autana ya riga ya sha. Cikinsa ya ɓaci, muka yi ta tsayawa a bakin titi yana kuka. Tun ranar na daina tambayar me yara suke so. Abin da nake fara dubawa shi ne, wanne abinci ne zai jure zafin mota, kuma na awa nawa.

Saura kwana biyu na shiga kasuwa. A 'Yan Lemo ta Na'ibawa na sayi lemon zaƙi da ayabar da ba ta gama nuna ba, don nunanniya ba ta kai azahar sai ta dame. Karas da kokwamba daga Yankaba. Dabino da busasshiyar aya da ɗanyar gyaɗa kuma a Kasuwar Rimi.

Gyaɗar ce ta fi cin lokacina. Na baza ta a faifai na tsince duk wadda ta yanƙwane ko ta yi fumfuna, domin irin wannan tana ɗauke da gubar da ke yi wa hanta illa, kuma suya ba ta kashe ta. Sannan na soya ta a yashi ba gishiri, saboda Hajiya. Autan bai kai shekara 4 ba, ban ba shi ƙwayar gyaɗa ko aya ba ko ɗaya. Mota na tafiya tana faɗawa rami, nan da nan yaro zai shaƙe. Nasa ayaba ce da dabinon da na cire wa ƙwallo na yayyanka.

Kayan na raba gida biyu. Masu saurin lalacewa, wato dafaffen ƙwai da ɓawonsa, yankakken karas, kokwamba da zoɓon da ban sa wa sukari ba, suka shiga kula. Maimakon ƙanƙara na jera robobin ruwa da suka daskare, maƙwabciyata mai firijin sola ce ta taimaka mini. Suna narkewa muna sha. Busassun kayan kuma na zuba a ƙananan robobi masu murfi, kowane yaro da tasa, rigima ta ragu sosai.

Mun fita bayan sallar asuba. Ƙwan muka fara ci da gurasa tun kafin rana ta ɗaga, kayan lambun kafin Potiskum, busassun na bar wa ƙarshen hanya.

Kuskurena ɗaya kilishi. Maigida ya ce tafiya ba ta yiwuwa ba shi, ni kuma na biye masa na sayo da yawa. Yajin da gishirin suka sa yara ƙishirwa, ruwan da na ƙiyasta zai kai mu ya ƙare tun kafin Damaturu. Ayar ce ta fi yi masa amfani, yana tauna yana tuƙi, ya ce ta kore masa gyangyaɗi.

Wajen la'asar Hajiya ta miƙo hannu ta baya.

"'Yar nan, ƙaro mini dabinon."

"Hajiya, ki yi haƙuri, kin ci biyu ɗazu. Ga gyaɗa da kokwamba."

Ta ɗan yi shiru, ta karɓa, ta ce Allah ya yi mini albarka. Da muka isa aka gwada sugarta, bai hau ba. Ranar da za mu juyo ita da kanta ta aiki jikanta ya sayo aya mudu guda, ta ce a rage kilishin, a ƙara robar ruwa huɗu.