Alamar jirgin da na raina a Dahab

Har yau idan na tuna ɗan hoton jirgin saman nan da ya fito a agogon nutsona, alamar kada ka hau jirgi tukuna bayan nutso, sai raina ya ɓaci. Da idona na gan shi. Na ce ai ni mota zan hau, ba jirgi ba.

Hutu muka samu a Alƙahira, na wuce Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sina'i. Abin da ke jan masu nutso garin shi ne ba ruwanka da jirgin ruwa. A-kori-kura ta sauke ka a bakin teku, ka goya silindarka ta iskar numfashi, ka taka da ƙafa ka shiga. Kwana uku ina yi, sau biyu kullum. Ranar ƙarshe wurin nutson da ake kira Lighthouse na shiga da safe, bayan azahar kuma Eel Garden, inda siraran kifayen nan suke tsaye cikin yashi kamar gero ya tsiro, kana matsowa su shige rami. Ban wuce mita 18 ba, tsayuwar kariya ta minti 3 a zurfin mita 5 kafin fitowa kuwa ban taɓa tsallake ta ba.

Sauƙin ne ya ruɗe ni. Ka fito da ƙafarka, ka zauna kan darduma kana shan shayin Badawiyyai, sai ka ji kamar wankan rafi ka yi.

A daren na shiga motar masu zuwa Jabal Musa, dutsen da tun ina makarantar allo nake jin labarinsa. Mai sayar da tikitin bai tambaye ni ko na shiga ruwa ba, ni ma ban faɗa ba. Garin Sant Katarin da ke gindin dutsen kaɗai ya haura mita 1,500, ƙololuwar dutsen kuwa mita 2,285. Jikina cike yake da naitirojin na kwana uku, iskar da ke taruwa a jiki lokacin nutso. Duk hawan da ka yi matsin iska raguwa yake, naitirojin ɗin kuma sai ta fara kumfa a jini da gaɓoɓi, ko da jirgi ka hau ko da ƙafa. An koya mana wannan. Kalmar "jirgi" kawai na riƙe.

Muna tsakiyar hawa kafaɗar dama ta fara ciwo can cikin ƙashi. Na ce goyon silinda ne. Da yatsuna suka fara mutuwa sai wata baiwar Allah a ayarin, ita ma mai nutso, ta tambaye ni yaushe na fito daga ruwa. Da na faɗa, jagoranmu ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, sauka za mu yi yanzu."

Kusan awa 5 na yi kwance a ɗakin matsin iska na asibiti ina shaƙar oksijin. Alhamdu lillahi hannun ya dawo. Inshorar nutso ba ni da ita, don haka kuɗin da na daɗe ina tarawa suka tafi a wuni ɗaya.

Ƙa'idar ita ce kafin ka hau jirgi ka jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan ka jera su. Ni yanzu sai na cika 24, kuma sai alamar nan ta ɓace daga agogon. Duk wanda ya ce mini zai haɗa Dahab da Jabal Musa, cewa nake ya fara da dutsen, ruwan ya biyo baya, ya kuma biya inshora kafin ya jiƙa ƙafarsa. Likita ya hana ni shiga ruwa na makonni, ƙololuwar dutsen kuwa har yanzu ban taka ta ba.